Ramar Malam Garzali

Ranar da aka yi wa 'yata Ikilima walimar gama karatu a gidanmu na Tudun Wadan Zariya, mutum takwas ne suka tashi suka yi jawabi. An yabi mahaifinta, Allah ya jiƙansa. An yabi mijinta Ja'afaru. An yabi farfesanta na Doha, wanda ba a samu mutum ɗaya da ya faɗi sunansa daidai ba. Ni ma an yabe ni, wai uwa tagari. Ina zaune ina jira in ji wani ya ambaci Malam Garzali, shiru. Da na ga liman zai shafa fatiha a watse, sai na miƙe na ce a dakata, akwai saura. Ban yi jimla uku ba ƙanin mijina ya ce, "Hajiya Saudatu, la'asar ta yi, a taƙaita." Na taƙaita, amma abin ya tsaya mini a wuya. Shi ya sa na ɗauki biro. Iyakata sakandare, kuma ban iya kwana-kwana a magana ba, saboda haka yadda abin ya faru haka zan faɗe shi, har da inda ni na yi ɓarna.

Garzali mai gadi ne. A rukunin gidajen da su Ikilima suke haya a unguwar Aziziya, shi ke zama a ɗan ɗakin bakin ƙofa daga shida na safe zuwa shida na yamma, yana ɗaga wa motoci ƙarfe yana saukewa. Ni kuma na je Doha a watan Fabrairun 2020 don in yi wa Ikilima wankan jego, ita ce autata, ta haifi 'yar farinta Jannat. Wata biyu na yi niyya. Korona ta zo, aka rufe hanyar jirgi, na yi shekara guda da wata biyu.

Kwana uku da haihuwa na fita neman ganyen darbejiya na wanka. Na tsaya a gabansa ina harhaɗa Turancina ina kwatance da hannu, don na ɗauka ɗan Sudan ne. Ya bar ni sai da na gama tas, sannan ya ce, "Hajiya, ki bar wahalar da Turancin nan haka. Ina kwana?"

"Kana jin Hausa ka bar ni ina ta zuba?"

"Ina so in ji inda za ki tsaya ne. Daga ina?"

"Zariya."

"Ai na ga alama, tun daga nesa kike faɗa."

"Bakano ne kai ko?"

"Allah ya rufa mini asiri."

Washegari da safe sai ga ganyen darbejiya cike da leda a ƙofarmu. A wani lambun masallaci ya tsinko a hanyarsa ta zuwa aiki. Haka ya yi ta kawowa har muka yi arba'in.

Tarihinsa a guntu-guntu na ji shi, yau kaɗan gobe kaɗan. A wani ƙauye na bakin kogin Wudil aka haife shi, gidansu tufkar igiya suka gada. Da ruwan farko ake shuka rama a gefen gona, da kaka a yanke, a ɗaure dami-dami a danne da duwatsu a kududdufi har ɓawon ya saki, a wanke a shanya. Rani gaba ɗaya a gindin tsamiya suke yin sa, uba da 'ya'ya, kowa da rama a cinya yana murzawa. Ran Juma'a a kai kasuwar Wudil, masu shanu da masu rijiya su kwashe. Ya ce yana da shekara tara ya tufka igiyar gugarsa ta farko, babansa ya ɗaura ta a reshe ya rataya da nauyinsa, da ba ta tsinke ba ya ce, "To, ka ci abinci." Yabon ke nan, bai ƙara ba. Sai igiyar leda ta shigo, shuɗiya, mai araha, kowa ya koma can. Mu muka yi wa kanmu wannan, ba wani ba. Muka yar da abin da in ya tsufa ƙasa ke cinye shi, muka rungumi abin da akuya za ta haɗiya ta mutu. Garzali ya shiga Kano ya yi acaɓa har aka hana, ya yi gadin wata masana'anta a Sharaɗa, daga nan wani ejan ya samo masa Qatar a 2016. Matarsa Rahmatu da 'ya'ya huɗu suna ƙauye. Gajere ne, ba shi da yawan magana in ba tsokana ba, tafin hannunsa kamar buhun algarara.

Yanzu ga matsalar Ikilima. Digiri na biyu take yi, a kan kayan gini da ake samu daga tsirrai. Shukar da ta zaɓa, Turawa na ce mata hem, dangin tabar wiwi ce. Ranar da ta fara yi mini bayani na ce, "Wato wiwi kika tsallako ƙasar Larabawa ki karanta?"

"Umma, danginsu ɗaya, amma wannan ba ta bugarwa. Ko buhu mutum ya zuƙa, ciwon kai kawai zai kwasa. Ɓawonta ake so. Ana tufafi da shi, ana takarda, ana allunan da ake sa wa a bango su tare zafi. Wata huɗu ta isa yanka."

Zaren daga Turai za a aiko mata. Cike takardu kawai ya ci wata takwas, don ƙasar ba ta wasa da duk abin da ya haɗa jini da wiwi. Ana gab da sa hannu korona ta faɗo, masu aikowa suka rubuto cewa sun rufe sai yadda hali ya yi. Tallafin karatunta kuma ƙarshen Oktoba zai ƙare. In lokacin ya yi ba ta kai zare ɗakin gwaji ba, shekara biyun da ta yi sun tafi a banza, babu takarda babu komai. Mai jego ce, ga jaririya a hannu, sai in shiga ɗaki in tarar ta zuba wa bango ido.

Rannan na rasa inda zan shanya kayan Jannat, na yi wa Garzali ƙorafi. Ya shiga ɗakinsa ya fito da igiya fara, naɗe tsaf. Ina ɗaurawa a baranda Ikilima ta fito, ta taɓa, ta warware bakin igiyar ta zare sili ɗaya ta ja. Ta sake ja. Ko hijabi ba ta gyara da kyau ba ta yi bakin ƙofa, ni ina bin ta ina faɗa, mai jego da fita tsakar rana.

"Malam Garzali, a ina ka sayi wannan?"

"Saya? Ramata ce, Malama. Ga inda nake shuka ta."

A bayan ɗakin gadin akwai wani siririn fili a jikin katanga, taku goma sha biyar ne tsawonsa, faɗinsa biyu. Tun zuwansa yake shuka 'yan ƙwayoyi a wurin duk shekara, daga irin da Rahmatu ta ƙulla masa a ƙyalle. Ƙasar Doha dutse ce da yashi, amma ya yi ta tara ragowar ƙasar masu gyaran fulawa da kashin tumaki da ganyen shayi har wurin ya yi baƙi. Ruwan kuma wanda ke ɗiga daga bututun esin ɗakinsa, wato na'urar sanyaya ɗaki, yake tarewa a bokiti.

Ikilima ta rubuta wa farfesanta, ya amsa cewa an san rama, ana yin irin wannan aikin da ita, ta ci gaba. Sharaɗi biyu: kilo biyu, kuma zaren ya zama dogo, miƙaƙƙe, kada ya gaza kamu huɗu. Da ta faɗa wa Garzali ya kalli filin, sannan ya ce, "Za ta yi, in an cika wurin." Ƙarshen Maris ya juye kusan duk irin da yake da shi ya shuka, a matse ƙwarai, har na ce masa, "Kai kuwa haka ake shuka a Kano? Ai sai su shaƙe juna." Ya ce, "Zage-zagi me suka sani ban da karatu." Ya ci gaba da aikinsa, bai yi mini bayani ba, ni ma ban sake tambaya ba. Da na tambaya da ban yi abin da na yi ba.

Azumi na da kwana goma aka samu mai korona a ɗakin da Garzali ke kwana a masaukin ma'aikata, aka killace su duka. Ya bugo wa Ja'afaru waya ya ce a ba ni.

"Hajiya, amana zan ba ki. Ruwa safe da yamma, bokiti huɗu-huɗu. Shi ke nan."

"Ni za a koya wa rama? A bayan ɗakina nake shuka ta tun ba a haifi matarka ba."

Gaskiya na faɗa, amma ramar miya nake shukawa. Kowace mace ta san yadda ake yi: in ta kawo gwiwa sai ki tsinke kan, ta yi rassa, ta yi ganye jingim. Na ba da ruwa ban taɓa fashi ba. Rama ta kawo ƙuguna, kore shar, duk ta miƙe siririya. Ga azumi, ga kulle, wata uku rabona da ganyen gida. Na ce a raina, Ikilima ɓawo take so, ganye ba ruwanta da shi, kuma ga shukar ta rame tana neman a taimake ta. Na tsinke kawunan layi ɗaya na yi kwaɗo da ƙuli-ƙulin da na zo da shi. Da shan ruwa Ja'afaru ya cinye kwano ya nemi ƙari. Ikilima ta tambaye ni ko ba komai, na ce mata, "Ƙara mata ƙarfi ma yake yi." Ita 'yar boko ce, a takarda ta san rama, ta yarda da uwarta. Kafin Sallah na bi filin kaf, ban bar kai ɗaya ba. Har maƙwabciyarmu 'yar Ghana na aika wa.

Kwana biyu bayan Sallah Garzali ya dawo. Ni na ja shi da kaina in nuna masa yadda na kula da amana. Ramar ta yi faɗi, ta cika da rassa kamar kabeji. Ya tsaya, ya sauke takunkuminsa zuwa haɓa, ya durƙusa ya kama guda ɗaya ya bi ta da yatsa har inda ta rabu uku. Ya kama ta biyu. Ya daɗe a durƙushe.

"Hajiya, kwaɗon ya yi daɗi?"

"Ya yi. Me ya faru?"

"Ramar igiya ba a taɓa mata kai. Shi ya sa ake matse ta, don ta rasa wurin yin reshe ta yi ta tafiya sama. Duk inda reshe ya fito, nan zare yake yankewa. Wannan ko taƙi biyu ba za a samu miƙaƙƙe ba."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ikilima tana bayana da Jannat a kafaɗa, ta juya ta koma ciki. Na bi ta da ido. Ni da nake yi wa kowa faɗa a kan ganganci, ni na cinye karatun 'yata da ƙuli-ƙuli.

"Akwai sauran iri?" na tambaye shi.

Ya ɗauko kwalbar magani ya girgiza. Bai fi cokali biyu ba.

"Lokaci fa?"

"In an shuka cikin satin nan, farkon Oktoba a yanka. Amma zafin da ke tafe ba na shuka ba ne, ban taɓa gwadawa ba. Bari in yi waya."

Ashe shekara huɗun nan ba shi kaɗai yake shuka ba. Duk Bahaushen da ya zo gaishe shi sai ya ƙulla masa 'yan ƙwayoyi, ya ce ya jefa a bayan ɗakin gadinsa ko ya samu na miya. Ranar ya yi ta bugawa, daga Wakra zuwa Mirƙab, yana cewa, "Duk wanda ya ajiye iri ya fito da shi, ko ƙwaya goma ce." Wani abokinsa Sunusi, direban motar kai kayan abinci, wanda aikinsa ya ba shi damar yawo a cikin kulle, shi ya bi ya tattaro. Kwana uku sai ga shi da leda: wani a kwalin ashana, wani a ambulan, wani a yatsan safar hannu an ɗaure baki. Mutum goma sha ɗaya, ban san fuskar ko ɗaya ba, kuma ba su san Ikilima ba. Sunusi ya miƙo ledar ta tagar mota ya ce, "Hajiya, ke ce mai kwaɗon? Labarinki ya kai Wakra." Na ce Allah ya shirye shi, na karɓa da hannu biyu.

Garzali ya tuge ta farko da hannunsa, ya sake shuka a makon farko na Yuni. Wanda bai yi bazara a Doha ba bai san zafi ba. Ƙarfe tara na safe ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Ya samo tsohuwar koriyar raga ta masu gini ya yi wa filin rumfa, ya ce ruwa kuma sai sau uku a rana, bokiti shida-shida, esinsa ba zai iya ba. Ruwan famfon lambu kuwa mudir, wato manajan gidajen, ya sa masa kwaɗo. Na ce wannan aikina ne. Na sa takunkumi na bi gida ashirin da biyu ina ƙwanƙwasawa, da Turancina da hannuna, ina roƙo a bar ni in ajiye roba a ƙarƙashin bututun esi. Wata ta rufe ƙofa a fuskata, na koma washegari. Goma sha bakwai suka yarda. Ikon Allah, lokacin da iskar garin ta fi jiƙa mutum da gumi, lokacin esi ya fi zubar da ruwa. Wata huɗu ina jido, ni da na bar ɗaukar tulu tun ina budurwa. Garzali yana zaune a bakin aikinsa yana kallona ina wucewa da bokiti.

"Sannu Hajiya. Hannu dai a ƙasa, ban da sama."

"Ka yi ta kanka, Bakano."

Kashi ɗaya cikin huɗu ya ƙone a watan Yuli. Sauran suka jure. Da asuba kafin ya karɓi aiki yake bin su ɗaya-ɗaya, duk wadda ta fara tsiro a gefe ya murje shi da farce. A Agusta suka wuce kaina, a Satumba suka tura ragar sama sai da aka cire ta. Ikilima kan fito da magariba ta tsaya da tef tana awo, kuma ta dawo cin abinci.

Ranar uku ga Oktoba furen farko ya buɗe, rawaya mai jan ciki. Garzali ya ce yau ne, in aka bari ta yi 'ya'ya zaren zai yi tauri. Ya yanke, ya ɗaye ɓawon tun yana ɗanye tunda babu kududdufin da za a jefa dami, ya naɗe kamar gammo ya jera a duro biyu, muka cika da ruwan esi ya danne da bulo. Ya ce kwana tara.

Abin da bai faɗa mini ba shi ne wari. A kwana na huɗu ya fara, a na shida duk mai shigowa sai ya ɗaga gilashin mota. Da hantsi mudir ya zo da hanci a cikin hankici. Ina zuwa da bokiti na tarar Garzali a tsaye, hannu a baya, ana yi masa tsawa kamar yaro, mutumin da ya haura arba'in da biyar. Mudir ya ce kafin la'asar a zubar, magana ta ƙare, in ba haka ba zai kira kamfani a canza mai gadi. Da mutumin ya matsa ya amsa waya, Garzali ya ce mini a hankali, "Saura kwana uku. In aka fitar yau ɓawon bai saki ba, in aka ja zai tsinke."

Na ajiye bokiti na tari mudir. Na ce masa duro nawa ne, ruwa ni na ɗebo, abin da ke ciki na 'yata ne, wannan bawan Allah ƙofa kawai yake tsaro, in akwai mai laifi ga ni. Rabin maganar da Hausa na yi ta, amma ya gane. Ya ce to, Mama, ki kwashe kayanki daga filin gida. Na ce ai cikin ɗakinmu ba filin gida ba ne ko? Ya ɗaga kafaɗa.

Kafin azahar ni da Ikilima mun kwashe gammunan nan a bokiti, da ruwansu, mun juye a bahon wankan banɗakin baƙi, wanda nake amfani da shi. Garzali ya ce kada a canza ruwan, a cikinsa aikin yake. Muka toshe ƙasan ƙofa da tawul, muka kunna turaren wuta kasko biyu. Ja'afaru ya dawo daga aiki, ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a hannu. Yaron kirki ne, bai taɓa ɗaga ido ya kalle ni ba.

"Umma, lafiya dai ko? Kamar wani abu ya mutu."

"Digirin matarka ne yake nuna. Kwana uku ne, ka yi haƙuri."

"To Umma. Allah ya ba da sa'a."

Kwana ukun nan a mota yake cin abinci. Jannat muka kai wa 'yar Ghana da rana. Ni kuwa a ɗakin da ke manne da banɗakin na kwana, ban yi ƙorafi ba, don ban ga bakin yi ba.

Ran na tara na kai wa Garzali gammo ɗaya bakin ƙofa. Ya murza da yatsa biyu, dattin ya zame, ya ce, "Ta yi." Muka wanke a baho har ruwa ya fita fari, muka shanya a baranda. Da ya bushe sai ga zare fari mai sheƙi, laushi kamar gashin jariri, wani ya kai kamu biyar. Ikilima ta ɗora a sikeli: kilo biyu da ɗan ɗori. Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da shi, da sauran warinsa da komai. Ran sha tara ga Oktoba ta kai ɗakin gwaji. Allunan farko biyu sun tsage, na ukun ya riƙe, kuma ya tare zafi yadda ake nema. Da haka ta rubuta littafinta, aka ba ta digiri, har suka riƙe ta aiki a wurin.

Ta so ta sa sunansa a bangon littafin tare da nata, aka ce ƙa'ida ba ta yarda ba, sai dai a shafin godiya. Layi biyu. Wanda ya san lokacin shuka, da tazarar shuka, da ranar yanka, da kwanan jiƙo, layi biyu. Farfesan da bai taɓa ganin ramar a tsaye ba, sunansa a gaba da manyan baƙaƙe. Na faɗa wa Ikilima ra'ayina a kan wannan ƙa'ida, ba zan maimaita a nan ba.

Na koma Doha a 2022 da ta sake haihuwa, ana gab da fara gasar kofin duniya. Na tarar da wani a ɗakin gadi, filin bayan kuma an shafe shi da siminti an ja layin ajiye motoci. Kamfani ya mai da Garzali aiki a filin ƙwallo na Wakra. Ranar wani wasa muka je da wuri, bayan azahar, ni da Ikilima, muka yi ta tambaya har muka same shi a wata ƙofa da riga mai ƙyalli, yana nuna wa mutane hanya. Ya ƙara ramewa. Ba a yarda ya bar wurin ba, sai ta saman shingen ƙarfe muka gaisa.

"Hajiya, an sake zuwa kiwo?"

"Ka ji shi ko. Ko gaisuwa ba mu gama ba."

Ikilima ta miƙa masa guntun allon, kamar tafin hannu, da hoton shafin da sunansa yake. Takardar ya ninke ya sa a aljihu bai duba ba. Allon ya juya, ya ƙwanƙwasa da farce, ya kai hanci.

"Malama, da me aka danne shi?"

Ta faɗa masa.

"In babu injin fa? Jak ɗin mota zai yi?"

Ikilima ta ce za ta gwada ta gani.

"Ki gwada. Kwangilata watan Maris za ta ƙare, kuma ɗakin Rahmatu kwano ne, da bazara ba ya shiguwa."

Ni kuma tun daga gida na shirya maganata tsaf, don shekara biyu ban taɓa buɗe baki na ce masa ya yafe mini ba, na gode ma a tsaitsaye nake faɗa. Na gyara tsayuwa na ce, "Malam Garzali, ni dai..." Sai ga motoci sun sauke 'yan kallo, ɗaruruwa, da ganguna da fenti a fuska, shugaban masu gadin na ta kiran yalla, yalla, wato a yi sauri. Ya sa allon a cikin riga ya juya ya ɗaga hannu yana nuna hanya. Taron ya tura mu gaba. Na riƙe shingen da ƙarfi na ɗaga murya yadda zai ji.

"Ka yafe mini ramar nan. Allah ya saka maka da alheri, kai da iyayenka."

Bai juyo ba, hannunsa na sama. Ya ce, "Na yafe tun ranar da kika ɗauki bokiti. Ku bi hagu, Hajiya, nan ta masu tikiti ce."

Muka bi hagu.